Canjin Yanayi: Mai Ɗaki Ita Ta San Inda Yake Mata Yoyo

Darasinmu na wannan karo ya shafi canjin yanayi, da matsayin mata a wuraren da ake yanke shawara a kansa. Muna roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta shi tare da ɗalibai sannu a hankali, kashi-kashi, su kuma tsaya a kan tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Abin da muka gani a rangadi

A wani rangadi da muka yi na duba azuzuwa, mun sauka a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Abzin. Mun tarar ajin mata ya ragu ƙwarai. Da muka tambayi dalili, sai aka kai mu bakin wata sabuwar rijiya. Yashi ya cika ta, bakinta ya tsage, ba mai ɗibar ruwa a cikinta.

Ga yadda abin ya faru. Masu aikin rijiya sun zo, sun kira taro da hantsi. Maza ne kawai suka halarta, domin a wannan lokaci mata suna wajen ɗibar ruwa da sallamar awaki. Aka zaɓi wuri kusa da hanya, inda mota za ta sauke siminti ba wahala. Aka gina rijiya, aka yi murna. Da damina ta zo, ƙorama ta kawo ruwa mai yawa, ta bi ta kan rijiyar, ta binne ta. Mata da ƴanmata suka koma tsohuwar rijiya mai nisa. Wadda ta wuni a hanyar ruwa kuwa ba ta da sauran ƙarfin zuwa aji.

Wata dattijuwa a cikin ajin ta ce mana: “Malam, da an tambaye mu da mun faɗa. Tun ina yarinya, duk shekarar da ruwa ya yi yawa nan yake bi. Amma ba a kira mu ba.” Muka koma wurin maza. Wani dattijo ya ce: “Wallahi ba mu hana su ba. Tunanin kiransu ne bai zo mana ba.”

Waɗannan maganganu biyu su ne tushen darasinmu. Ba wanda ya yi mugunta, amma kuɗi sun salwanta, ruwa ya yi nisa, karatu ya tsaya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Abzin kuwa, inda tanti na mace ne, sai mu ce mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

2. Mene ne canjin yanayi?

Yanayi shi ne halin zafi, da sanyi, da iska, da ruwan sama na wani wuri a tsawon shekaru. Canjin yanayi kuwa shi ne sauyawar wannan hali. Babban dalilinsa shi ne hayaƙin da ke fita idan an ƙona gawayin ƙasa, da man fetur, da gas, a masana'antu da motoci da jirage. Sare dazuzzuka ma yana ƙara shi. Hayaƙin yana taruwa a sama, ya lulluɓe duniya kamar bargo, ya hana zafi fita.

Masana sun auna, sun ga zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 in an gwada da na shekaru 150 da suka wuce. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. A watan Afrilu na wannan shekara, zafi ya haura digiri 48 a garin Kay na ƙasar Mali.

Abin lura: duk Afirka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Manyan ƙasashe masu masana'antu su ne suka fi fitar da shi. Amma ƙasashen Sahel irin Nijar suna cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

3. Yadda abin ya shafi jiharmu

Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, kuma mafi yawanta hamada ce. Ruwan da ke sauka a birnin Agadas a shekara bai cika wuce milimita 150 ba. Saboda haka ɗan canji kaɗan yana taɓa rayuwarmu sosai.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, da na 1984 da 1985. Raƙuma da shanu da awaki sun mutu da yawa. Makiyaya masu yawa sun bar daji, sun zauna a gefen Agadas da Arlit. Wasu sun koma aikin garka a Tabelot da Timiya da Iferwan da bakin ƙoramar Telwa, suna noman albasa da dankalin turawa da tumatir da tafarnuwa da lemo.

A shekarun baya-bayan nan kuma, ambaliya ta ƙaru a kan fari. A farkon watan Satumba na 2009, ruwa ya gangaro daga duwatsu ta ƙoramar Telwa, ya fasa shingen da ke kare gari, ya shiga unguwannin Agadas. Dubban gidaje sun rushe, garake sun lalace, dabbobi sun tafi. A daminar 2024 ambaliya ta game ƙasa baki ɗaya. Fiye da mutum 300 sun rasu, fiye da mutum miliyan 1 abin ya shafa, har aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen watan Oktoba. Ruwan bai bar jiharmu ba. Tsohon birnin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa ba ya jure ruwa mai ƙarfi.

Ke nan matsalarmu biyu ce. Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa. Wata shekara ya zo gaba ɗaya cikin kwana ɗaya, ya yi ɓarna, ya wuce bai shiga ƙasa ba.

4. Wa ke ɗauke da kayan?

Fari da ambaliya ba sa zaɓen mace ko namiji. Amma nauyin da suke bari ba ɗaya ba ne. Mu duba aikin yau da kullum.

Ruwa. Mata da ƴanmata ne suka fi ɗibar ruwan gida. Idan rijiya ta yi zurfi ko ta ƙafe, tafiyarsu ce ke ƙaruwa. Mace mai ciki da ke ɗaukar jarka a cikin zafin rana tana cikin haɗari, ita da abin da ke cikinta.

Itace. Idan itatuwa sun ragu, mace ce ke yin nisa wajen neman makamashi. Hayaƙin murhu kuma yana cutar da idonta da ƙirjinta, da na yaron da ke goye a bayanta.

Awaki. A wurin Abzinawa, awaki da tumaki galibi dukiyar mata ce. Daga gare su ake samun madara da cuku da kuɗin magani. Idan fari ya kashe awaki, asusun mace ne ya ƙone.

Kaba. Da ganyen kaba ake saƙa tabarmi da kwanduna da rufin tanti. Idan goriba ta ragu a bakin ƙorama, sana'ar mata ce ta ragu.

Jinya. Bayan ambaliya sauro yana yawa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kama yara. Uwa ce ke kwana a kan marar lafiya.

Riƙon gida. Idan shekara ta ɓaci, maza suna tafiya neman kuɗi Aljeriya ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya. Mace ce ke zama da yara da tsofaffi da sauran dabbobi.

Wanda ke ɗauke da kaya shi ya san nauyinsa. To, yaya za a yi shawarar rage kayan ba tare da shi ba?

5. Ilimin da ke hannun mata

Kada mu ɗauka mata masu shan wahala ne kawai. Suna riƙe da ilimi wanda ba ya cikin takardun ma'aikata. Mai ɗibar ruwa kullum ita ce ta fara sanin igiyar guga ta ƙara tsawo. Ita ta san rijiyar da ruwanta ya fara zartsi. Mai kiwon awaki ta san kwarin da ciyawarsa ke riga fitowa, da itacen da ke riƙe ganye har bazara. Tsofaffin mata sun san abincin shekarar yunwa: yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki har ɗacinsu ya fita, da yadda ake gyara ganyen jiga, da amfanin aduwa da magarya.

A ƙasar Cadi akwai wata Bafulatana ƴar makiyaya mai suna Hindu Umaru Ibrahim. Ta tara manoma da makiyaya, maza da mata, suka yi taswirar yankinsu da hannunsu. Maza suka nuna duwatsu da koguna da wuraren kiwo. Mata suka ƙara wuraren ɗibar ruwa da na samun abinci da magani. Da haka taswira ta cika. A watan Afrilu na 2016, ita ce ta yi jawabi da sunan ƙungiyoyin jama'a a birnin Niwyok, ranar da ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar Faris ta yanayi. Ilimin da ta kai can irin wanda ke hannun iyayenmu mata ne a Ingal da Aderbisinat.

6. Abin da tarihi da doka suka ce

Shigar mata cikin shawarar ƙasa ba kyauta aka ba su ba. A 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a cikin kwamitin shirya taron. Ranar 13 ga watan Mayu na wannan shekara, dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai har ofishin firaminista. Aka ƙara yawan mata a kwamitin. Shi ya sa ranar 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso. Dokar ta ce a muƙaman zaɓe kada wani jinsi, maza ko mata, ya gaza kashi 10 cikin 100, a manyan muƙaman naɗi kuma kada ya gaza kashi 25. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15. A 2019 aka mai da shi 25, na naɗi kuma 30. Amfanin dokar ya fito fili. A majalisar dokoki da aka zaɓa a 1999, mace ɗaya ce cikin ƴan majalisa 83. A ta 2004, mata 14 ne cikin 113. A wannan shekara ta 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, mata suka shiga majalisun garuruwa. Daga 2021 zuwa 2023, mace ce ta riƙe ma'aikatar muhalli da yaƙi da gurgusowar hamada, wato Garama Saratu Rabi'u Inusa.

A watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki. A 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo a madadinsu. Kujerun da mata suka ci a zaɓe sun tafi tare da na maza. Wannan ya ƙara wa kwamitocin ƙauye da na unguwa muhimmanci, domin su ne ke kusa da mu kullum.

7. Tsanin shawara: daga ƙauye zuwa duniya

Shawarar yanayi kamar tsani take, mataki bisa mataki. Ya kamata kowane mai karatu ya san matakan.

Mataki na farko, ƙauye da unguwa da zango. Akwai kwamitin kula da rijiya ko fanfo. Akwai kwamitin rumbun tsimi, na hatsi ko na abincin dabbobi. Akwai ƙungiyar masu garka. Akwai kwamitin faɗakarwa da gaggawa, mai kai rahoton fari da ambaliya da cuta. Akwai kuma hukumar filaye ta ƙauye, wadda ake kira Kofob. Ta samo asali daga dokar karkara ta 1993. Maigari ne shugabanta, kuma an tanadi kujerar wakiliyar mata a cikinta, tare da ta manoma da makiyaya da matasa.

Mataki na biyu, ƙaramar hukuma. Nan ake rubuta tsarin raya gari na shekaru, da kasafin kuɗi na shekara. A cikinsu ake faɗin inda za a gina rijiya, da shingen duwatsu mai rage gudun ƙorama, da inda za a yi aikin rabin wata don farfaɗo da ƙasa. Abin da bai shiga takarda ba, da wuya ya sami kuɗi.

Mataki na uku, ƙasa. A 1996 aka kafa majalisar ƙasa ta muhalli da ci gaba mai ɗorewa, wato CNEDD. Ita ta shirya tsarin ƙasa na 2006 na jure wa canjin yanayi. Tsarin ya ambaci mata da yara cikin waɗanda suka fi rauni, ya kuma sa Aderbisinat ta jiharmu cikin yankunan da suka fi fuskantar haɗari. A 2008 ƙasarmu ta amince da manufar daidaita jinsi, aka sabunta ta a 2017.

Mataki na huɗu, duniya. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1995, da ta Faris a 2016. Kusan kowace shekara ƙasashe suna babban taro a kan yanayi. A taron Lima na ƙasar Peru a 2014 aka ɗauki shirin ƙara shigar mata cikin wannan aiki. A taron Bon na ƙasar Jamus a 2017 aka yi masa tsarin aiwatarwa. A taron Baku na 2024 aka ƙara masa shekara 10. Duk da haka, a tarukan 2023 da 2024 mata ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na wakilan ƙasashe ba.

Abin lura: ba a hawan tsani daga sama. Idan maganar mace ba ta shiga takardar ƙauye ba, ba za ta kai ƙaramar hukuma ba, balle Yamai, balle taron duniya.

8. Kujera kaɗai ba ta isa

A rangadinmu muna duba takardun kwamitoci. Sau da yawa muna ganin sunan mace a jeri. Idan muka neme ta, sai mu ji ba ta taɓa zuwa taro ba, ko tana zuwa ta zauna a baya ba ta cewa komai. Mun lura da dalilai huɗu.

Na ɗaya, lokaci. Ana kiran taro a sa'ar ɗibar ruwa ko ɗora tukunya.

Na biyu, harshe. Ma'aikaci yana bayani da Faransanci, ana fassara kaɗan, a bar da yawa.

Na uku, karatu. Muƙaman da ke da ƙarfi a kwamiti su ne shugaba da magatakarda da ma'aji. Biyu daga cikinsu suna bukatar rubutu da lissafi. Wadda ba ta iya karatu ba sai ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta sani ba.

Na huɗu, kunya da kaɗaici. Mace ɗaya a tsakiyar maza goma sha biyu, cikinsu har da surukinta, da wuya ta ɗaga murya.

Wasu suna ce mana: “Malam, wannan ba al'adarmu ba ce.” Muna amsa musu da ladabi cewa su duba tarihi. A fadar Sarkin Abzin akwai Magajiya, mai kula da al'amuran mata. A unguwanni da ƙauyuka akwai tambarori, shugabannin mata, waɗanda ake jin maganarsu. A ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta naɗa jajis, suna yawo ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Malamai kuma suna karantar da mu cewa a ranar Hudaibiyya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi shawarar matarsa Ummu Salama, al'amari kuma ya warware. Neman shawarar mace bai rage girman namiji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

9. Misalai biyu daga jihar Maraɗi

Misali na farko, sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, maimakon sarewa. Aikin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta ya farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya. Tun da mata ne masu neman itacen girki da ganyen miya, ƙa'idar da aka yi da su ta fi samun biyayya.

Misali na biyu, Mata Masu Dubara. An fara wannan tsari na asusu a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna rance, suna zaɓen shugaba da ma'aji da kansu. A nan suka koyi magana a gaban jama'a, da ƙidayar kuɗi, da kiyaye doka. Daga baya wasunsu suka tsaya zaɓe, suka zama ƴan majalisar garuruwansu. Ashe tabarmar asusu makaranta ce ta shugabanci.

10. Abin da za mu yi kafin damina

Rigakafi ya fi magani. Ga abin da muke roƙon kowace cibiya ta yi, tun gizagizai ba su haɗu ba.

Na ɗaya: ku rubuta sunayen duk kwamitocin garinku a allo. A gaban kowane ku rubuta yawan maza da yawan mata, da wanda ke riƙe da kowane muƙami.

Na biyu: ku je wurin maigari ko hakimi ko shugaban zango cikin girmamawa, ku roƙi a sa lokacin taro a sa'ar da mata za su iya zuwa. Ku tambayi mata su faɗi sa'ar da kansu.

Na uku: kada a tura mace ɗaya ita kaɗai. A tura biyu ko uku. Mata su zaɓe su da kansu, kada a rubuta sunan wata don kawai matar wane ce.

Na huɗu: kafin babban taro, mata su yi nasu zama. Su tsayar da bukatu uku mafi girma, wata ɗaliba ta rubuta su a takarda. Wakiliya ta karanta takardar a gaban taro. Magana tana tashi da iska, rubutu yana zama.

Na biyar: ku nemi a yi bayani da Hausa ko Tamajak ko Fulfulde ko Tubanci, harshen da jama'ar wurin ke ji. Bayan taro, a karanta abin da aka rubuta da ƙarfi kafin kowa ya sa hannu.

Na shida: ku zana taswirar garinku a ƙasa ko a babbar takarda. Ku nuna hanyar da ruwa ya bi a shekarun ambaliya, da gidajen da ke cikin kwari, da tudun da za a gudu a kai, da gidajen masu ciki da tsofaffi da naƙasassu. Ku kai kwafi ofishin ƙaramar hukuma.

Na bakwai: idan za a yi dashen itace na ranar 3 ga Agusta, a tambayi mata irin itacen da suke so, da wurin da za su iya ba shi ruwa.

Ga maza muna cewa: ranar taro ku taimaka da ɗibar ruwa da duba awaki, ku bar iyali su je. Ga mata muna cewa: ku riƙe aji da kyau. Wadda ta iya karatu da lissafi ita ce za ta zama magatakarda ko ma'aji, kuma ba mai ɓoye mata abin da ke cikin takarda.

11. Sababbin kalmomi

Canjin yanayi: sauyawar halin zafi da iska da ruwan sama a tsawon shekaru.
Kaso: rabon kujeru da doka ta keɓe.
Jinsi: kasancewar mutum namiji ko mace.
Yarjejeniya: alkawarin da ƙasashe suka rubuta suka sa wa hannu.
Kasafin kuɗi: lissafin kuɗin da za su shigo da yadda za a kashe su.

12. Lissafi

a) Kwamitin rijiya yana da mutum 12. Idan muka ɗauki kashi 25 cikin 100 a matsayin ma'auni, wato ɗaya cikin huɗu, mata nawa ne mafi ƙanƙanta za su shiga?

b) Wata mata tana tafiyar kilomita 3 zuwa rijiya, da 3 na dawowa, sau 2 a rana. Kilomita nawa take yi a kwana 7?

c) Daga 1991, shekarar jerin gwanon mata, zuwa 2019, shekara nawa ke nan?

13. Tambayoyin tattaunawa

a) Me ya sa rijiyar da muka ba da labarinta ta lalace? An taɓa yin irin haka a garinku?

b) Wane canji kuka gani a ruwan sama da rijiyoyi da itatuwa tun kuna yara? Amsar maza da ta mata ɗaya ce?

c) Wace ce wakiliyar mata a hukumar filaye ta ƙauyenku? Yaushe ta halarci taro na ƙarshe?

d) Cikin dalilai huɗu da ke hana mata magana a taro, wanne ya fi ƙarfi a wurinku? Yaya za a magance shi?

e) Kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a kan abin da yake so a yi wa garinsa kafin damina.

Mu koma ƙauyen da muka fara da shi. Bayan watanni mun sake bi ta can. An sabunta kwamitin ruwa, an sa mata uku, ɗayansu ɗalibar ajinmu ce, ita ke riƙe da littafin kuɗi. Dattijuwar nan ta zagaya da maza, ta nuna musu tudun da ruwa bai taɓa hawa ba. Suna tara kuɗin sabon gini, ba su kammala ba tukuna, kuma har yanzu ƴanmata suna zuwa rijiya mai nisa. Amma sun rubuta takardar roƙo da hannunsu, sun kai ƙaramar hukuma.

Malaman cibiyoyi su tattara amsoshin ɗalibai da jerin kwamitocin garuruwansu, su ba mu idan mun zo rangadi. Za mu buga wasu daga ciki a wannan shafi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, amin. Sai mun haɗu a darasi na gaba.